Gwajin kamun juna a cikin siririn bututu: tambayoyi da amsoshi

Ɗalibai masu koyon aikin lab da wasu abokan aiki sun sha tsare ni da tambayoyi kan kafilari elektiroforesis, musamman ɓangaren da ake amfani da shi a gane ko abu biyu sun kama juna, kamar antibodi (furotin ɗin garkuwar jiki) da antijin ɗinsa (abin da yake kamawa) ko magani da furotin ɗin jini. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne suke ta dawowa shi yasa na haɗa su wuri guda. Wasu amsoshin gajeru ne, wasu kuma na ja su da tsawo dan a nan naga mutane suka fi tuntuɓe.

Malam, wai meye ma kafilari elektiroforesis ɗin nan?

Tsere ne ake haɗawa a cikin bututu, in dai a taƙaice kake so. Bututun na silika ne, wato tataccen gilashi, ramin cikinsa galibi maikuromita 50 ko 75, kusan kaurin silin gashi ɗaya kenan, tsawonsa kuma daga santimita 30 zuwa wajen mita ɗaya. A bayansa an shafa masa wata riga ta polimaid mai ruwan zuma, ita take sa ka iya lanƙwasa shi bai karye ba. Sai a cika shi da ruwan bafa, wato ruwan gishirin da yake riƙe pH (ma'aunin tsamin ruwa) kar ya canza, a tsoma bakinsa biyu cikin 'yan kwalabe biyu, a sa ɗigon samfur a baki ɗaya (nanolita kaɗan ne, ido ma baya gani), sannan a sakar masa wuta mai ƙarfi, har bolt 30,000 ana kaiwa.

Da wuta ta shiga kowane molekul zai kama gudu daidai da cajin da yake ɗauke da shi da kuma girman jikinsa. Mai caji da yawa da ƙaramin jiki gudunsa daban, ƙato mai ɗan caji nasa daban. Can kusa da ƙarshen bututun akwai wata 'yar taga inda aka ƙone rigar polimaid ɗin, haske yana ratsawa ta nan, duk wanda ya zo wucewa ditekta zata gan shi ta zana tudu a kan allon kwamfuta. Tudun nan shi muke ce ma fik. Lokacin da ya fito yana gaya maka waye, faɗin cikinsa kuma yana gaya maka yawansa.

Toh ina ruwan wannan tseren da gwajin kamun juna?

Ai nan ne daɗin abin yake. Mutumin da yake gudu hannu rabbana da wanda ya goya wani a baya ba zasu iso lokaci ɗaya ba. Haka molekul yake, da ya kama abokinsa nauyinsa ya canza, sau da yawa cajinsa ma ya canza, dan haka gudunsa ya canza. Sai kaga tudu biyu maimakon ɗaya, na wanda yake shi kaɗai da na wanda ya goyo.

Duk wani gwajin kamun juna da ka sani matsalarsa ɗaya ce, yaya zaka raba wanda ya kama da wanda bai kama ba. A ELISA, gwajin antibodi na kan faranti da aka saba da shi a lab, wankewa ake yi, ka manna antibodi a jikin faranti ka zuba samfur ka wanke ka sake zubawa ka sake wankewa. A nan kuwa ba wanki, ba a manna komai a jikin komai, suna haɗuwa ne a cikin ruwa suna yawo kamar yadda suke haɗuwa a jini, wutar lantarki ce take raba su. Kuma ni abin da ya fi burge ni, duka biyun kake gani da idonka. ELISA lamba ɗaya zai baka ka yarda ko kar ka yarda, wannan kuwa zai nuna maka wanda ya kama da wanda ya rage, in ma wani baƙo ya shigo tsakani shi ma zai fito da tudunsa.

Me yasa sai bututun ya zama siriri haka?

Zafi. Duk ruwan gishirin da ka sa ma wuta sai ya yi zafi, in bututun mai faɗi ne tsakiyarsa zata fi gefe zafi, ruwan ya fara juyawa, waɗanda ka raba su sake cakuɗewa. Siriri kuwa nan da nan yake zubar da zafinsa ta jikin bango, shi yasa zaka iya ƙara wuta sosai, ƙarin wuta kuma shine ƙarin sauri da kaifin rabuwa.

Abin ya daɗe ana bin sa. Arne Tiselius a Uppsala ta ƙasar Suwidin shi ya raba furotin ɗin ruwan jini da lantarki a 1937, ya fitar da albumin da alfa da bita da gama, sunayen da har yau muke rubutawa a takardar sakamako, ya samu kyautar Nobel a 1948. Ɗalibinsa Stellan Hjertén ya gwada a bututu mai milimita 3 a 1967, sai da ya riƙa juya bututun dan kar ruwan ya cakuɗe. Jorgenson da Lukacs a Amurka su suka sauko da shi maikuromita 75 a 1981, daga nan ne fa abin ya kankama.

An ce har abin da ba shi da caji ma yana fitowa, ta yaya wuta zata ja shi?

Ba shi wutar take ja ba, ruwan gaba ɗaya ne yake tafiya. Bangon silika idan pH ya haura wajen 3 yakan zama mai cajin negetif, sai ayon masu fozitif na cikin bafa su taru a jikinsa, da an kunna wuta su nufi ɓangaren negetif su ja ruwan duka su tafi da shi. Kamar kogi ne mai gudu, wasu suna iyo suna bin ruwa, wasu sun saki jiki ruwa na tafiya da su, wasu kuma suna ƙoƙarin komawa baya amma ruwan ya fi ƙarfinsu, a ƙarshe dai kowa sai ya wuce ta gaban taga. Shi yasa a gwajin furotin ɗin jini gama ce take fara fitowa albumin ya zo ƙarshe, kwamfuta ce take juya hoton ya koma yadda likitoci suka saba gani.

Amma ka riƙe wannan, gudun kogin nan ba kullum yake ɗaya ba. Bango ya ɗan yi datti ya canza, zafi ya canza ya canza. In kana auna kamun juna ta hanyar canjin gudu dole ka sa wani abu marar caji a ciki, irin su DMSO ko mesityl oxide, ya zama shine ma'aunin kogin. In ba haka ba zaka ɗauka kamu ne ya faru alhali ruwa ne ya rage gudu.

Yaya ake haɗa gwajin antibodi a ciki?

Hanya biyu ce. Ta farko kai tsaye, ka ɗauko antibodi ka liƙa masa rini mai ƙyalli, misali fluorescein wanda leza mai nanomita 488 take sa shi walƙiya, ka zuba shi da yawa a cikin samfur. In antijin ɗin da kake nema yana nan zai kama, sai sabon tudu ya fito, girmansa daidai da yawan antijin. Shimura da Karger sun nuna wannan a 1994 da homon ɗin girma.

Ta biyu ita ce ta gasa. A nan antijin ɗin kake liƙa ma rini, ka zuba adadin da ka sani, ka zuba antibodi ɗan kaɗan wanda ba zai ishi kowa ba, sannan ka kawo jinin majiyyaci. Antijin ɗin majiyyaci da naka mai rini zasu yi rububin kujerun da suke akwai. In na majiyyaci yana da yawa zai ture naka, tudun mai rinin da bai samu kujera ba ya ƙaru, na wanda ya kama ya ragu. Schultz da Kennedy sun yi haka da insulin a 1993, daga baya aka yi da homon ɗin kotisol da maganin asma theophylline har a kan ɗan guntun gilashi.

Ɗalibai sukan ce to me zai sa a wahala da ta gasa tunda ga ta kai tsaye. Dalilin nauyi ne. Antibodi irin IgG nauyinsa wajen dalton 150,000, kotisol kuwa 362. In ƙato ya ɗauki ɗan tsako a aljihu gudunsa ba zai canza yadda zaka gani ba, tudu biyun zasu hau kan juna. Amma in ɗan tsakon kake kallo, shi da ƙato ya rungume shi ai tafiyarsa ta canza gaba ɗaya. Dan haka ƙananan abubuwa a bi su ta gasa, manyan furotin a bi su kai tsaye, haka galibi ake yi.

Ba zasu saki juna a hanya ba kafin su kai taga?

Madalla da wannan tambayar, wanda ya yi ta ya fara fahimtar aikin. Eh suna saki. Kamun antibodi ba walda bane, riƙo ne, ana kamawa ana saki kullum. A cikin kwalba in ya saki zai sake kamawa dan abokin yana nan kusa, amma a bututu da zarar ya saki wuta ta raba su, kowa ya kama gabansa, babu dawowa. Saboda haka tambayar ita ce wa zai riga, sakin ko isowa taga.

Bari in baka lissafi ɗaya. In a kowane sakan kashi ɗaya cikin dubu na masu riƙon suna saki, rabinsu zasu rabu cikin kamar minti 11 da rabi. In tserenka na minti ɗaya ne ka tsira da kusan duka, in na minti 20 ne ka yi asarar fiye da rabi, sakamakonka zai fito ƙasa da gaskiya kuma babu ƙararrawar da zata buga ta gaya maka. Shi yasa masu wannan aikin suke son gajeren bututu da wuta mai ƙarfi da sanyi. Alamar da zaka gane ana saki a hanya ita ce tsakanin tudu biyun layin ba zai sauko ƙasa ba, zai yi kamar gada ko jela mai jan ƙasa.

In kuma riƙon mai rauni ne, irin kama-saki kama-saki cikin ƙiftawar ido, sai a sauya dabara. A zuba abokin a cikin bafa ɗin kanta ya cika bututun daga farko har ƙarshe, ta yadda duk inda molekul ya saki wani yana nan zai kama. A nan tudu ɗaya zaka gani amma lokacin fitowarsa yana matsawa, kana ƙara yawan abokin yana ƙara matsawa har ya kai inda ba zai ƙara ba. Wannan ita ce hanyar da Chu da Whitesides suka yi fice da ita a Harvard a 1992, da enzayim ɗin carbonic anhydrase da kuma antibayotik ɗin vancomycin. Sai kuma su Krylov a Toronto ta Kanada da suka ce jelar nan da kowa yake ƙi ai labari ce, a 2002 suka nuna cewa daga siffarta zaka iya lissafa saurin sakin, daga tudu biyun kuma ƙarfin riƙon, duk a gudu ɗaya.

Meye Kd da ake ta faɗa?

Yawan abokin da zaka zuba rabin kujerun su cika, shine Kd. In ƙarami ne riƙon mai ƙarfi ne tunda ɗan kaɗan ya isa. Antibodi mai kyau yakan kasance a nanomola ko ƙasa da haka, magani da albumin kuwa galibi maikuromola. Abu ɗaya dai, Kd ɗin da ka samu na wannan bafa ne da wannan pH da wannan zafin. Bafa ɗin lab sau da yawa gishirinta bai kai na jini ba dan gudun zafi, jini kuwa sodiyam ɗinsa wajen milimol 140 ne a lita, kar ka ɗauki lambar ka ce haka take a jikin mutum kai tsaye.

A asibiti fa, ina ake amfani da shi da gaske, ko duk bincike ne kawai?

Gaskiya yawancin abin da na lissafa a sama a ɗakunan bincike suka tsaya. Amma akwai wanda ya shiga aikin yau da kullum sosai, shine gano nau'in furotin ɗin M a masu cutar myeloma, kansar ƙwayoyin da suke ƙera antibodi a ɓargo. Su waɗannan ƙwayoyin in sun lalace antibodi iri ɗaya tak suke ta zubowa, sai a yankin gama maimakon tudu mai faɗi mai laushi kaga wani siriri ya miƙe kamar mashi.

To an ga mashi, saura a san ko waye. Sai na'ura ta raba ruwan jinin gida shida. Ɗaya a bar shi haka nan, sauran biyar kowanne a haɗa shi da antibodin da yake kama abu ɗaya, IgG, IgA, IgM (nau'ukan antibodi), kappa, lambda (iri biyu na ƙaramar sarƙar da take jikin antibodi, ita ake ce ma sarƙa mai sauƙi). Wanda aka kama ya bar wurinsa, ko dai ya koma wani gefe na hoton ko a janye shi daga ruwan, ya danganta da kamfanin. Sai ka ɗora kowane hoto a kan na asalin ka duba a ina mashin ya ɓace. In ya ɓace a gidan IgG ya kuma ɓace a gidan kappa amma yana tsaye ƙyam a sauran ukun, to IgG kappa ne. Wallahi ranar da na fara ganin wannan a allo, layi biyu sun hau kan juna tsaf sai a wuri ɗaya tak aka ga rami, na daɗe ina kallo, dan abin da na haddace a takarda ne ya fito fili. Na'urorin Sebia na Faransa irin su Capillarys da na Helena duk suna yin wannan, wasu da bututu 2 wasu 8 wasu 12 suna gudu tare.

Sai dai yana da iyaka. IgD da IgE basa cikin biyar ɗin nan, in mashi ya ɓace a kappa ko lambda kaɗai kar ka yi saurin rubuta cewa sarƙa mai sauƙi ce zalla, sai an koma jel, wato hanyar raba furotin da lantarki a kan shimfiɗar jel, an gwada waɗancan biyun. Ɗan ƙaramin mashi da ya ɓuya a cikin tudu mai faɗi shi ma gwajin antibodi na kan jel, wato immunofixation, ya fi kama shi.

Na ji ana maganar AFP-L3 na hanta, shi ma haka ne?

Shi ne ma misalin da na fi so, dan an haɗa kamu uku a gwaji ɗaya. AFP furotin ne da yake hawa a kansar hanta, amma yana hawa a ciwon hanta na B da C da tsukewar hanta ma, shi yasa shi kaɗai baya rarrabewa sosai. Wani kaso nasa yana ɗauke da ƙarin sukari da ake kira fukos, shine L3, kuma shi ya fi alaƙa da kansar.

Na'urar µTASWako i30 ta kamfanin Wako na Japan a kan ɗan faifai mai siraran hanyoyi take aikin. Antibodi na farko an ɗaura masa guntun DNA, DNA kuwa cike yake da cajin negetif, dan haka duk wanda ya kama zai fizge shi ya fita daga cunkoson sauran furotin ɗin jini. Antibodi na biyu yana ɗauke da rini mai ƙyalli. AFP ne kaɗai zai samu duka biyun, mai jan sa da mai haska shi. Sannan a kan hanya an zuba wani furotin mai son sukari da ake samu daga ƙwayar adas, shi kuma L3 yake riƙewa yana saki yana rage masa gudu, sai L3 ya iso a makare ya yi tudunsa daban. Cikin kamar minti goma an gama, a baka kason L3 cikin ɗari, kashi 10 shine iyakar da aka fi amfani da ita. Amma fa ba da shi kaɗai ake cewa mutum yana da kansa ba, sai an haɗa da hoton hanta da sauran gwaje-gwaje.

Gwajin jinotaif da ake yi da kafilari shi ma na kamun juna ne?

A'a, wannan tsere ne zalla. HbS da HbC sun bambanta da HbA a amino asid ɗaya, na shida a sarƙar bita, cajinsu ya canza, shi kenan sai gudunsu ya bambanta, ana karanta su a nanomita 415. Yana kuma auna HbA2 da kyau, wanda in ya haura wajen kashi 3.5 ake zargin bita talasimiya. Inda kamu ya ɗan shigo shine gwajin CDT na masu yawan shan giya, wanda yake neman transferrin (furotin mai ɗaukar ƙarfe a jini) da sukarinsa ya ragu, ana fara ƙosar da transferrin ɗin da sinadarin ƙarfe dan kar bambancin ƙarfen da ya ɗauka ya rikita bambancin sukarin da ake nema.

Zai iya nuna abin da babu?

Ƙwarai kuwa, kuma wannan ya taɓa faruwa a gabana. An kawo jinin wani dattijo mai ciwon baya, muka sa, sai ga siririn tudu ya fito a wajen alfa 2 zuwa bita, kaifi gare shi kamar na myeloma, ga shekaru ga ciwon ƙashi, komai ya yi daidai da abin da ake tsoro. Muka yi gida shida ɗin nan, tudun bai motsa ba ko a gida ɗaya. Muka sa a jel, babu komai wayam. Sai da aka kira ɗakin da yake kwance aka ce ai da safen nan aka yi masa sikanin CT da allurar rini mai ayodin, bayan ya dawo aka ɗebi jinin. Da aka sake ɗiba bayan 'yan kwanaki tudun ya tafi.

Dalili shine ditektar bata san furotin ba, abin da ya sha haske a nanomita 200 zuwa 214 kawai ta sani, rinin sikanin kuwa yana sha. Jel shi kuma rina furotin ake yi dan haka bai gan shi ba. Wasu antibayotik kamar piperacillin suna yin haka. In aka kawo filasma (ruwan jinin da bai daskare ba) maimakon siram (ruwan da ya rage bayan jini ya daskare), furotin ɗin daskarewa fibrinojin zai fito kamar mashi tsakanin bita da gama. Jinin da ya fashe shi ma yana kawo nasa. Sai kuma wanda ya fi wuya, majiyyacin da ake ba daratumumab, maganin myeloma, shi kansa antibodi ne IgG kappa, zai fito kuma zai ɓace a gidan IgG da kappa tamkar cutar ce bata tafi ba. Na kan yi tunanin dattijon nan da iyalinsa in da mun saki sakamakon farko, shi yasa har yau bana sa hannu a kan sabon mashi sai na san me aka ba mutum da kuma yaushe aka ɗebi jinin.

Kenan ya fi ELISA ko bai fi ba?

Kowanne da inda ya fi. Kafilari ya fi sauri a samfur ɗaya, baya cin samfur da sinadarai, yana iya auna abu biyu uku a gudu ɗaya in tudunsu bai haɗu ba. ELISA, wanda Engvall da Perlmann suka fitar a 1971, faranti ɗaya rami 96 ne, kuma enzayim ɗinsa yana ninka sigina, dan haka yana ganin ɗan mitsitsin abu ba tare da leza ba. Raunin kafilari kenan, hasken yana ratsa maikuromita 50 ne kawai inda a 'yar kwalbar auna haske (kubet) da aka saba santimita ɗaya yake ratsawa, ninki 200 kenan, in ba ka sa leza ko ka tattara samfurin a bakin bututu ba abin da yake kaɗan a jini zai wuce ba ka gani ba. A ra'ayina in tambayar ita ce nawa ne a samfur ɗari biyar, manyan na'urorin imiyunoase sun fi. In tambayar ita ce wane iri ne, ko su waye suka kama juna, nan kafilari ba shi da na biyu.

Tuduna yana ta jan jela kuma lokacin fitowa yana ƙaruwa kullum, me ke faruwa?

Furotin ne yake mannewa a bango, kusan kullum shine. Bango negetif ne, duk furotin mai ɓangaren fozitif sai ya lafe a jiki, ruwan jini kuma giram 60 zuwa 80 na furotin ne a lita, ba wasa ba. Maganin ko dai ka ɗaga pH zuwa wajen 10 kowa ya zama negetif bango ya riƙa ture su, haka ake yi a gwajin furotin ɗin jini, ko ka sayi bututun da aka shafe cikinsa da polyacrylamide ko PVA. Matsalar ita ce pH 10 ba kowane antibodi yake riƙo a nan ba, dan haka a gwajin kamu shafaffen bututu ya fi. Wanda ba a shafe ba a riƙa wanke shi da sodiyam haidiroksaid 0.1 M sannan ruwa sannan bafa tsakanin gudu da gudu, shafaffe kuwa kar ka kuskura ka sa masa wannan sai ka duba takardarsa, zai iya cinye shafen.

Na liƙa ma antibodina rini sai ya fito tudu huɗu biyar, na ɓata shi ne?

Baka ɓata ba, haka yake yi. Rinin yana kama wani amino asid ne mai suna laisin, antibodi kuma yana da laisin da yawa, wani ya ɗauki rini ɗaya wani uku wani biyar, kowane rini kuma yana canza caji. ELISA bai damu da wannan ba amma kafilari sai ya tona. Ga shi kuma antibodi hannu biyu gare shi, wani ya kama antijin ɗaya wani biyu. Shi yasa ake yanko hannu ɗaya, guntun Fab mai wajen dalton 50,000, a liƙa rini ɗaya a wuri ɗaya ta kan salfa ɗinsa, sannan a tace.

Aftama fa, wai zata maye gurbin antibodi?

Aftama guntun DNA ne ko RNA da yake naɗewa ya kama abu kamar antibodi, tun 1990 aka san su. Da kafilari kam sun dace kamar an yi su dan juna, ƙanana ne, cajinsu sananne, haɗa su ake yi a na'ura dan haka rini ɗaya ne a wuri ɗaya, kuma da sun kama furotin gudunsu yake canzawa sosai. Har zaɓo su ma ana yi da kafilari, Mendonsa da Bowser sun yi da IgE a 2004, zagaye kaɗan ya isa maimakon goma sha. Amma maye gurbi a asibiti da saura, da yawansu suna riƙo lafiya a bafa mai tsafta, a zuba su a ruwan jini su rikice.

Ana iya auna yadda magani yake kama furotin ɗin jini da shi?

Ana yi. Warfarin wajen kashi 99 a manne yake da albumin, phenytoin wajen 90, wanda bai manne ba kuma shi yake aiki a jiki. Sai a haɗa maganin da furotin a bar su su daidaita, a tura da ɗan yawa cikin bututu, maganin da yake sake zai zamo ya fito ya yi shimfiɗaɗɗen tudu mai kai kamar tebur, tsayin teburin shine yawansa. Masu ƙera magani sun fi amfani da wannan, a asibiti tacewa ta matsi aka fi yi.

Wanda zai fara aiki da na'urar, me zai fi kiyayewa?

Kumfa ta farko. Ɗan kumfar iska ɗaya a bututu ya yanke wuta, shi yasa nake cewa ka riƙa kallon layin karent kamar yadda kake kallon sakamako, in ya faɗi ko yana rawa kar ka yarda da gudun nan. Ka tace bafa, ka canza ta a kwalabe akai-akai dan wuta tana canza mata pH a hankali. Kar ka taɓa tagar da yatsa, nan ne babu riga, nan yake karyewa kuma maiƙon hannu yana dusashe haske. Murfin na'urar yana da makullin da yake kashe wuta in an buɗe, kar wani ya ce maka a toshe shi dan a yi sauri, bolt 30,000 ne. Lokacin da zaka bar antibodi da samfur su zauna tare ya zama ɗaya ga kowane samfur da kowane kalibireta (samfurin da aka san yawan abin da yake ciki), in wannan ya yi minti 5 wancan ya yi 20 ba abu ɗaya ka auna ba. Kwantirol kuma safe da duk lokacin da ka canza bututu ko sabuwar kwalbar bafa. In an tashi aiki a wanke bututun da ruwa, a bar bakinsa biyu a cikin ruwa ko a busar da shi da iska in zai daɗe a ajiye, dan bafa in ta bushe a ciki gishirin toshe ramin yake, da safe sai dai ka yanko sabo.